Giyar inabi da cuku: shafin da bai kamata malami ya tsallake ba

Da wuya a sami wanda ya yi lakol a ƙasar nan bai haddace tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da yanyawa ba. Hankaka yana bisa icce da abinci a baki, yanyawa ta yi ta zuga shi har ya buɗe baki zai yi waƙa, abincin ya faɗo. Yara suna rera ta su ci maki, amma in ka tsayar da su ka tambaye su mene ne wannan "fromage" da ke bakin hankaka, kaɗan ne za su ce maka ɗan uwan cukun da ake talla a tashar Abalak ko kasuwar Dakoro ne. A firamare maganar ta tsaya nan. Da yaro ya kai kolej da lise, kalmar za ta dawo masa tare da abokiyar tafiyarta, wato giyar inabi. Zai gan su tare a littattafan adabi, a fina-finai, a littattafan koyon Faransanci da aka buga a waje, da gajerun bidiyo na TikTok da Facebook. Za a nuna masa tebur mai kyau, da tambulan mai dogon wuya, da faranti cike da cuku iri-iri, a rufe da cewa a sha daidai-wa-daida.

Idan aka zo kan irin wannan shafi, mu malamai mun kasu biyu. Wani sai ya yi a'uziyya ya juya takarda, ya ce wa yara wannan ba namu ba ne. Wani kuma sai ya karanta shi kamar yadda aka rubuta, ya bayyana kalmomi, ya ba da aikin gida, yaro ya tashi da tunanin cewa haka wayayyu suke cin abinci. A ganina duka biyun sun bar yaro a tsakiyar hanya. Abin da nake kira gare shi, ƴan uwana malamai da iyaye, shi ne mu karantar da shafin har ƙarshensa, har da ɓangaren da masu talla ba su so a karanta. Wanda ya san labarin gaba ɗaya ba ya ruɗuwa da rabinsa.

Abin da Faransawa ke nufi

Adalci shi ne mu fara da fahimtar al'adar kamar yadda masu ita suke ganin ta. A cin abincin Faransawa na biki, cuku yana da gurbinsa, bayan nama da kayan lambu, kafin kayan zaƙi. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan tsari na cin abinci cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, kuma dacewar abinci da giyar inabi tana cikin abubuwan da aka ambata. Bafaranshe ɗaya yana cin fiye da kilo 20 na cuku a shekara. Kowane yanki da nasa. Roquefort da nonon tumaki ake yin sa, a ajiye shi cikin kogunan dutse a kudancin ƙasar har wata irin funfuna mai launin shuɗi ta ratsa shi, kuma tun 1925 doka ta hana a kira wani cuku da wannan suna in ba can aka yi shi ba. Comté na tsaunukan Jura da nonon shanu ake yin sa, dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, yana cin kimanin lita 400 na madara, ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 4 a ajiye. A ƙauyen Chavignol kuma ƙananan curi ake yi da nonon awaki.

Haɗin da suke yi yana da ƙa'ida. Sukan haɗa Roquefort mai gishiri da Sauternes, giya mai zaƙi ta yankin Bordo, don zaƙi ya kwantar da gishiri. Sukan haɗa cukun Chavignol da farar giyar Sancerre mai ɗan tsami, don tsami ya wanke maiƙo daga harshe, ga shi kuma garuruwan biyu maƙwabta ne. Comté yana tafiya da giyar da ake yi a Jura ɗin. Babbar ƙa'idarsu ita ce abin da ya fito daga ƙasa ɗaya ya fi dacewa da juna.

Akwai ilimin kimiyya a ƙarƙashin wannan, kuma malamin kimiyya na kolej zai iya bayyana shi ba tare da kwalba ta shigo aji ba. A cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa akwai wani sinadari da ake kira tanin. Shi ne dai wanda ke cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita, yana cikin goro, yana cikin ganyen shayi. Aikinsa shi ne kama furotin. Idan ya shiga baki sai ya kama furotin ɗin da ke cikin miyau, santsin baki ya tafi, mutum ya ji bauri. To idan akwai cuku a bakin, tanin sai ya sami wani furotin da maiƙo ya kama, baurin ya ragu, abin sha ya yi laushi. Sirrin ke nan. A lura da kyau: a duk wannan bayani tanin ne da tsami da zaƙi suke aikin. Wannan ne ya sa ake iya samun irin wannan daɗi da abin sha wanda ba ya bugarwa, kamar yadda za mu gani in mun dawo gida.

Daga ina "daidai-wa-daida" ta fito?

Kalmar da ta fi jan hankalin matasanmu ita ce ta shan kima. Ana ce musu matsalar ta mashaya ce, mai hankali kofi ɗaya yake sha da abinci, har ma yana gyara zuciya. Wannan magana tana da tarihi, kuma tarihin nata ba ya goyon bayanta.

A farkon shekarun 1960 abin da Faransa ke sha na giyar inabi, in an raba wa kowane mutum, ya haura lita 100 a shekara. Har yara ana zuba musu. Sai a 1956 gwamnati ta hana ba yaran da ba su kai shekara 14 ba giya a ɗakunan cin abinci na makarantu, ƴan lise kuwa sai a 1981 hanin ya kai gare su. Kafin nan, a 1954, shugaban gwamnati Pierre Mendès France ya sa a riƙa raba wa ƴan makaranta madara, don a yaƙi tamowa a kuma raba su da barasa, masu sana'ar giya suka yi masa ca. Ke nan malaman makaranta da iyaye a Faransa sun yi wannan kokawa tun kafin mu, da abin da yake nasu na gado.

A watan Janairun 1991 aka kafa dokar da ake kira da sunan ministan lafiya na lokacin, Claude Évin. Ta hana tallar barasa a talabijin da silima, ta kuma wajabta a rubuta a kowace talla cewa wuce gona da iri wajen shan barasa haɗari ne ga lafiya. Ƙarin nan da ke biyo baya, mai cewa a sha da kima, ba doka ce ta wajabta shi ba, masu talla ne suka liƙa shi. Malamin Faransanci yana da darasin nahawu mai kyau a nan: jimlar farko gargaɗi ce, ta biyu gayyata ce. Gargaɗin ya ɗora laifi kan wanda ya wuce iyaka, gayyatar kuma ta ce wa sauran jama'a bisimilla.

A ƙarshen shekarar nan ta 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yi hira da wani masanin Faransa, Serge Renaud. Tambayar ita ce: me ya sa Faransawa suke cin man shanu da cuku da yawa amma ciwon zuciya bai kashe su kamar yadda yake kashe Amurkawa? Aka nuna jan giya a matsayin amsa. Cinikinta ya yi tsalle a Amurka, labarin ya zagaya duniya, kuma shi ne har yau yake yawo a wayoyin ƴaƴanmu, shekara talatin da ɗoriya bayan haka.

Da masana suka koma suka duba, sai suka ga inda gizo ke saƙa. Binciken da ake kafa hujja da su suna gwada masu shan kaɗan da waɗanda ba su sha sam. To amma a Turai da Amurka, cikin waɗanda ba su sha akwai mutane da yawa da suka daina saboda rashin lafiya ta riga ta kama su, ko likita ya hana su. Idan ka zuba marasa lafiya cikin rukuni ɗaya, dole ɗaya rukunin ya fito kamar ya fi lafiya. Ga shi kuma masu shan kofi ɗaya a kan tebur galibi masu hali ne, suna cin abinci mai kyau, suna ganin likita a kan kari. A 2023 wasu masana, cikinsu har da Tim Stockwell na Kanada, suka tattara bincike 107 suka gyara waɗannan kurakurai, sai fa'idar da ake cewa shan kaɗan yana ƙara tsawon rai ta ɓace.

A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Tun 1988 cibiyarta mai binciken sankara ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, rukuni ɗaya da taba. Dalilin a sarari yake. Hanta tana juya barasa ta koma wani sinadari mai guba wanda ke lalata ƙwayoyin halitta, kuma jiki bai san bambancin giya mai tsada da burkutu ba, barasar ciki ɗaya ce. An tabbatar da alaƙarta da aƙalla nau'i 7 na sankara, har da ta hanji da ta mama. Hukumar ta ce a yankin Turai rabin sankarar da barasa ke jawowa daga masu shan kaɗan da matsakaici take fitowa. A duniya baki ɗaya ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ne barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019.

Su kansu Faransawa sun ji a jikinsu. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta lissafa mutum 41,000 da barasa ta kashe a 2015 kaɗai. Shawarar da take ba ƴan ƙasarta tun 2017 ita ce kada a wuce kofi 2 a rana, kada a wuce 10 a mako, kuma a riƙa tsallake wasu ranaku. Kofin da suke nufi ɗan ƙarami ne, kashi ɗaya cikin goma na lita, kwalba guda tana ba da bakwai da ɗoriya. Hukumar ba ta ce wannan magani ba ne, iyaka ce ta rage ɓarna ga wanda ya riga ya zaɓi sha. Yau abin da suke sha ya sauko zuwa kimanin lita 40 ga mutum a shekara. A 2023 gwamnati ta ware Yuro miliyan 200 don a kawar da giyar da ta yi kwantai, manoman Bordo kuma suna tumɓuke itatuwan inabi. Abin da ake tallata wa ɗanka a matsayin wayewa, jikokin masu shi suna ja da baya daga gare shi.

Amsa ga masu cewa a yi shiru

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yawan maganar abu yana sa sha'awarsa, kuma addini ya riga ya yanke hukunci, me ya rage? Gaskiya ne hukuncin a fili yake. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun rufe ƙofar, kuma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi ba a bambanta kurɓi ɗaya da kwalba guda. Ɗan Musulmi ba ya jiran Hukumar Lafiya ta Duniya kafin ya san matsayinsa. Sai dai mu tuna Alƙur'ani bai ɓoye sunan giya ba. An yi maganarta a Baƙara, an yi a Nisa'i, kafin a kai ga Ma'ida, ana bayani ana kawo dalili. Almajirin da ke karatun Risala a zaure yana cin karo da hukuncinta, babu malamin da ke yage takardar. In zaure bai ji kunyar batun ba, aji ma bai kamata ya ji ba.

Kuma shirun namu ba ya hana yaro ji, sai dai ya bar wa wani filin. Ɗalibinmu zai tafi karatu Dakar ko Abijan ko Liyon, ko ya sami aiki a wani otel ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Yamai. Ran da aka miƙo masa tambulan, mai miƙowar ba zai ce masa zo ka saɓa wa Allah ba. Zai ce masa likitoci sun ce yana da kyau ga zuciya, ko ya ce cukun nan ba ya daɗi sai da wannan. Yaron da ba a taɓa ba shi komai ba sai kalmar "haram" zai iya tsayawa, amma zai tsaya yana jin kamar shi ne baƙauye a wurin, kamar addininsa da ilimi sun raba hanya. Irin wannan jin ne yake cin mutum a hankali. Wanda kuwa ya san labarin 1991 da na 2023 zai ce na gode, ba na sha, hankalinsa kwance, in an ja shi da hujja ya ba da amsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wasu kuma za su kawo maganar zamani. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To me zai sa mu ɓata lokaci kan teburin Faransawa? Amsata ita ce mai ƴanci shi ne wanda zai iya duban al'adar wani ya auna ta, ya ɗauki abin ɗauka ya bar abin bari. Kuma a cikin shafin nan akwai tarihin mulkin mallaka ga mai son karantar da shi. Bayan wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, Turawan mulki suka mayar da filayen Aljeriya gonakin inabi, har kafin ƴancin kai a 1962 ƙasar Musulmi ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da giyar inabi. Marubucin Faransa Roland Barthes, a littafinsa Mythologies na 1957, ya nuna yadda ƴan ƙasarsa suka mayar da giya alamar zama Bafaranshe, ya kuma tuna musu cewa ana noma ta a ƙasar da aka ƙwace daga mutanen da ba su da bukatarta, alhali abinci bai ishe su ba. Malamin tarihi da ya tsallake wannan ya yi asara.

Wani abu kuma da ya kamata mu kiyaye: ajinmu ba na Musulmi kaɗai ba ne. Akwai ƴaƴan Kirista, akwai ƴaƴan baƙi, akwai yaron da mahaifinsa ke sha kuma duk unguwa ta sani. Darasin da ya koma zagi zai sa waɗannan yara su sunkuyar da kai, kuma ba zai ƙara wa sauran komai ba. Hujjar lafiya ta kowa ce, ana iya faɗin ta ba tare da an ci mutuncin iyayen kowa ba.

Namu haɗin yana nan

Yanzu mu dawo kan tanin. Duk wanda ya taɓa zama da Buzaye ko Fulani a Azawak, ko ya je bikin gishiri na Ingal, ya ga yadda ake karya busasshen cuku a ci da shayi. Ganyen shayin nan da ake dafawa har ya yi kauri cike yake da tanin, shi ya sa zubin farko yake da ɗaci da bauri. Cuku yana kwantar da shi kamar yadda yake kwantar da jan giya a Faransa. Haɗin gishiri da zaƙi da suke nema a Roquefort da Sauternes, mu muna samun sa a cuku da dabino, ko a furar da Abzinawa ke dakawa da gero da dabino da cuku. Tsamin da ke wanke maiƙo yana cikin zoɓo da tsamiya. Makiyayanmu ba su karanta kimiyya ba, harshensu ne ya kai su inda ya kai manoman Jura.

Abin da ya kamata mu yi koyi da Faransawa a kansa shi ne yadda suke girmama abin da ƙasarsu ta haifa. Sun ba kowane cuku suna, sun rubuta yadda ake yin sa, sun kare shi da doka, har makiyayi ya sami farashi mai kyau. Mu ma an fara: a ƴan shekarun nan hukumar OAPI mai kare mallakar fasaha a Afirka ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunan yankinsu, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuma suka sami tambarin haɗin gwiwa. Amma yara nawa ne a ajinmu za su iya bayyana yadda ake yin cuku? Ana zuba wa madara ɗan ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya mai shan nono a ciki, ta daskare, a tace, a shimfiɗa a kan ƴar tabarma, rana ta busar. Wannan hikima ce ta adana madarar damina har rani a ƙasar da ba firji. Ɗiyar makiyayi da ke zaune a bayan aji ta fi mushe sanin wannan, kuma ranar da aka ce ta tashi ta bayyana, ranar ce za ta san abin gidansu ilimi ne.

Har ila yau akwai kyautar da giyar inabi ta ba madara ba da niyya ba. Louis Pasteur yana binciken abin da ke lalata giya ne a shekarun 1860 ya gano cewa ɗumama ta yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta. Daga baya aka ɗauki dabarar aka kai kan madara. Ɗanyar madara da cukun da aka yi da ita suna iya ɗauko cututtuka daga dabba zuwa mutum, kamar tarin fuka na shanu da cutar da ke sa dabbobi ɓari, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Darasin da ya fara da tambulan a Bordo yana iya ƙarewa da tsabtar ƙwarya da ɗumama madara a Bermo.

Kima ta shafe mu mu ma

Kada mu tashi daga darasin muna yabon kanmu kawai. In muna gaya wa yara cewa a auna abin da ake zuba wa ciki, to mu duba butar shayinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12. A lissafa abin da ake zubawa a zubi uku na shayi a fada, safe da rana da dare, a ƙara da lemun kwalba. Ciwon sukari da hawan jini ba su tambayar ko abin da ka sha halal ne. Tanin ɗin nan kuma yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka shayi mai kauri nan take bayan cin abinci ba alheri ba ne ga mai juna biyu ko yaron da jininsa ya yi ƙasa. Gara a jinkirta shi kamar awa ɗaya. Cuku ma abinci ne mai nauyi, ɗan kaɗan ya isa.

A nan ne ma'anar kima take fitowa sosai, kuma bambancin ya kamata yaro ya riƙe shi. Sukari da gishiri da maiƙo abinci ne, jiki yana amfana da su, yawansu ne ke cutarwa, saboda haka ana auna su. Barasa kuwa jiki ba ya bukatar ko ɗigo, illarta tana farawa daga kofin farko tana ƙaruwa, ga ta kuma da halin rage wa mutum ikon tsayawa inda ya yi niyya. Ma'aunin da ake ce wa mutum ya riƙe, abin da yake sha shi ne ke kwance masa hannu.

Abin da za mu iya yi

Ga ɗalibai masu shirin zama malamai, da abokan aiki da ke cikin aji, shawarata ita ce idan shafin ya zo a ba shi awa ɗaya cikakkiya. A bayyana kalmomin, a nuna Bordo da Jura a taswira. A kawo goro ko shayi marar sukari da ɗan cuku, yara su ɗanɗana kafin da bayan, su faɗi da bakinsu abin da ya faru da baurin. A rubuta shekarun nan a allo, 1956, 1991, 2023, a bar su su gano inda labarin ya dosa. A sa su rubuta da Faransanci da Hausa yadda za su ƙi tayin abin sha cikin ladabi. Wannan darasi ɗaya ya haɗa harshe da kimiyya da tarihi da tarbiyya, kuma bai fi kuɗin cuku da ganyen shayi ba.

Ga iyaye kuma, musamman masu ɗa ko ɗiya da ke shirin tafiya waje, a zauna a yi maganar kafin a ɗaure kaya. A gaya musu cewa a can ana dafa wasu abinci da giya, kamar kazar da ake kira "coq au vin" da narkakken cukun da ake kira "fondue", kuma akwai cukun da ake wanke bayansa da barasa, irin su Époisses, don haka tambaya kafin ci ba abin kunya ba ne. Abin da ya shige musu duhu na hukunci su tambayi malamai. A gaya musu za su iya zama a teburin, su ci Comté da ruwan inabi marar barasa ko ruwan tuffa ko shayi, su yaba wa mai gida, ba wanda ya isa ya ce ba su waye ba. In da hali a sa musu cuku da dabino a jaka, su ma su sami abin ajiyewa a kan teburin su ce ga namu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji wannan bayani daga bakin mushensa da mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha biyar, ba zai ji shi a matsayin sabon labari daga bakin baƙo yana ɗan ashirin ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.